Thomas Day: kafintan da sai da majalisa ta yi doka kafin amaryarsa ta tare

A ƙarshen shekarar 1830, majalisar dokokin jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka ta zauna a birnin Raleigh a kan wani ƙudiri da bai shafi kowa ba sai mace guda. Sunanta Aquilla Wilson, baƙar fata ce mai 'yanci, mutuniyar gundumar Halifax a jihar Birjiniya. A farkon wannan shekara aka ɗaura mata aure da wani kafinta mai suna Thomas Day, wanda shagonsa ke garin Milton, dab da iyakar jihohin biyu. An ɗaura aure, amma tarewa ta gagara. Tun 1826 jihar ta kafa dokar da ta haramta wa duk baƙar fata mai 'yanci shigowa daga wata jiha ya zauna, wanda ya karya kuwa tarar dala 500 ce a kansa, in ya kasa biya a sa shi aikin tilas na shekaru.

Day ya shaida wa mutanen gari cewa in matarsa ba za ta shigo ba, shi zai kwashe kayan aikinsa ya bi ta Birjiniya. Nan take fararen fata 61 na Milton da kewaye suka sa hannu a takardar koke zuwa majalisa, suna roƙon a ɗage wa wannan mata dokar. Antoni janar na jihar, Romulus Saunders, wanda shi ma ɗan yankin ne, ya haɗa da tasa shaidar. Ya yabi gaskiyar kafintan da ƙwazonsa da natsuwarsa, sannan ya kawo hujjar da ya san za ta fi shiga kunnen 'yan majalisa: mutumin nan yana da fili, yana kuma da bayi, saboda haka in baƙaƙe suka shirya tayar da tarzoma, ana iya dogara da shi ya tona asiri. Ƙudirin ya wuce, Aquilla ta tare. A wannan zangon zama ne kuma majalisar ta kafa dokar da ta haramta koya wa bayi karatu da rubutu.

Duk rayuwar Thomas Day a kan irin wannan ma'auni ta tafi. Ya zama kafinta mafi girma a jiharsa, gwamnoni da masu gandu suna layi a ƙofar shagonsa, amma kusan duk abin da ya samu a matsayin alfarma ya same shi, alfarmar da aka yi wa mutum ɗaya alhali dokar da ta danne sauran tana nan daram.

Gidan kafintoci

An haife shi wajen 1801 a gundumar Dinwiddie ta jihar Birjiniya. Tun 1662 dokar Birjiniya ta tanadi cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, in baiwa ce shi bawa ne, in 'ya ce shi ɗa ne. Mahaifiyarsa, Mourning Stewart, 'yar wani likita ce baƙar fata mai 'yanci da dukiya, don haka Thomas bai taɓa zama mallakar kowa ba. Mahaifinsa, John Day, kafinta ne, kuma a hannunsa Thomas da yayansa, wanda shi ma sunansa John, suka koyi riƙon zarto da kurfi. Yaran biyu sun samu karatu mai kyau, abin da ko a cikin talakawan fararen fata na Kudu ba kowa ke samu ba a lokacin. Daga baya iyalin suka ƙaura zuwa Karolina ta Arewa, shekaru kafin a rufe ƙofar shiga.

A cikin shekarun 1820 Thomas ya sauka a Milton, ƙaramin gari a bakin kogin Dan, cikin gundumar Caswell. A 1827 ya sayi fili a babban titin garin, ya kuma buga talla a jaridar gari yana sanar da cewa yana da kayan ɗaki na mahogani da wasu katakai, kuma yana karɓar aiki. Ya iya zaɓen wuri. Arzikin Caswell a kan ganyen taba yake, bayi ke nomansa, masu gandu ke cin ribarsa. Da kuɗi suka shigo, sai masu gandun suka shiga gina manyan gidaje masu ginshiƙai irin na tsohuwar Girka, suna son a ƙawata su kamar gidajen attajiran Filadalfiya da Niyok. Kawo kabad ko gado daga waɗannan birane a kan keken doki, ta hanyoyi marasa kyau, yana da tsada da haɗari. Ga shi kuwa a tsakiyar gari akwai wanda zai yi irinsa.

Abin da hannunsa ya bari

Kayan alatu na wancan zamani ba da zallan katako mai tsada ake yin su ba. Mahogani, ɗan uwan maɗacin da muka sani, daga tsibiran Karibiyan da Amurka ta Tsakiya ake kawo shi, kuma shekaru aru-aru bayin da aka kwaso daga Afirka ne ke sare shi a can. Saboda tsadarsa, sai a yanka shi falle-falle siriri, a manna da gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba a kan gangar jikin da aka haɗa da katako mai araha na dazukan yankin. Gwanintar tana wajen zaɓen fallen. Wanda aka yanko daga inda reshe ya rabu da gindi yana da zane kamar harshen wuta, kuma in aka jera falle biyu daga gungume ɗaya suna kallon juna, sai ƙofofin kabad su fito kamar fikafikai biyu na tsuntsu ɗaya.

Kamar sauran kafintocin ƙasar, Day ya yi amfani da littattafan zane da ake bugawa a manyan birane, irin wanda John Hall ya fitar a Baltimore a 1840, mai cike da ginshiƙai da lanƙwasa. Sai dai bai tsaya inda littafi ya tsaya ba. Yakan ɗauki lanƙwasar da aka zana ƙarama ya faɗaɗa ta, ya murɗa ta, har katako mai nauyi ya zama kamar yana motsi. Wannan ya fi fitowa a ginshiƙin da ke gindin matattakalar bene, wanda yakan sassaƙa shi a naɗe kamar maciji ya ɗaga kai, da kuma allon da ke kewaye bakin murhun ɗumama ɗaki, inda layuka ke tafiya kamar igiyar ruwa. Shagonsa ya yi dogayen kujeru masu katifa, gadaje masu ginshiƙai huɗu, kabad-kabad, teburan cin abinci, teburan ado masu madubi, gadon jarirai, har da akwatunan gawa. Masu gandun yankin Dan da yawa a cikin aikin shagonsa aka shimfiɗe su ranar haihuwa, a cikinsa kuma aka kai su kabari.

A 1847 Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill ta ba shi aikin ƙawata zaurukan ƙungiyoyin muhawara biyu na ɗalibanta. Shugaban jami'ar a lokacin, David Swain, tsohon gwamnan jihar ne. Kujerun da 'ya'yan manya suka zauna a kai suna koyon jayayya kan doka da mulki, aikin mutumin da launin fatarsa ya haramta masa shiga wannan jami'a ne. Shekara guda bayan haka, a 1848, ya sayi Union Tavern, wani masaukin baƙi na jan bulo da ke cikin gine-gine mafi kyau a Milton, ya mai da shi gidansa, ya ƙara masa ɓangaren da ya zama wurin aiki. Zuwa 1850 babu shagon kafinta a duk jihar da ya kai nasa girma. A cikin shekarun da suka biyo baya ya sa injin tururi yana juya zartuna da sauran na'urori, yana cikin na farko-farko da suka yi haka a sana'ar a wannan yanki.

Mai bayi a cikin baƙaƙe

Akwai abin da ba ya gogewa daga tarihinsa komai kyan sassaƙa. Ƙidayar 1850 ta nuna yana da bayi 14. Wasu a shago suke aiki tare da ƙwararrun fararen fata da yake biya albashi da baƙaƙe masu 'yanci da ke koyon sana'a, wasu kuma a gonarsa ta wajen gari. Ba shi kaɗai ba ne. Masanin tarihi Carter Woodson, da ya bi ƙidayar 1830 daki-daki, ya samu baƙaƙe masu 'yanci sama da 3,700 a faɗin Amurka da aka rubuta suna da bayi, jimillar bayin ta kusa 13,000. Da yawansu matansu ne ko 'ya'yansu da suka fanso da kuɗi, suka bar su a rubuce a matsayin dukiya domin dokokin 'yantarwa sun yi tsauri. Wasu kuma don riba suka mallaka, kamar kowane mai gandu. A wajen Day, bayin sun yi masa aiki, aikinsu ya shiga cikin ribar shago, kuma mallakarsu ita ce hujjar da antoni janar ya kafa a gaban majalisa cewa mutumin nan nasu ne.

Ga kuma ɗaya fuskar. Masu bincike na baya-bayan nan sun gano sunansa cikin waɗanda suka halarci babban taron baƙaƙe masu 'yanci da aka yi a Filadalfiya a watan Yunin 1835, taron da ya tara fitattun masu yaƙi da bauta. Ga mutumin da ke zaune a Kudu, wannan kasada ce babba. Shekara huɗu kafin nan, a 1831, Nat Turner ya jagoranci tawayen bayi a gundumar Southampton ta Birjiniya, aka kashe fararen fata fiye da hamsin, aka kuma rama a kan baƙaƙe da yawa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kafin wannan ma, ƙasidar da David Walker, haifaffen Wilmington a Karolina ta Arewa, ya buga a 1829 yana kiran bayi su tashi tsaye ta riga ta firgita hukumomin jihar. Da abokan cinikinsa sun san inda ya je, da wuya shagon ya kai ƙarshen shekara.

Haka kuma, da 'ya'yansa uku, Devereux da Thomas ƙarami da Mary Ann, suka isa karatu mai zurfi, sai ya tura su makarantar Wesleyan da ke Wilbraham a jihar Masacusets, makarantar 'yan ɗariƙar Methodist da aka sani da ƙin jinin bauta. Kuɗin makarantar daga aljihun masu gandu ya fito, ta hanyar gadaje da kujerun da suka saya. Mutum ɗaya ne ya yi duk wannan: ya riƙe mutane a bauta, ya zauna da masu neman rushe ta, ya kuma ɓoye wa kowane ɓangare abin da ya kamata ya ɓoye. Ko me ke cikin zuciyarsa, mutum 14 da ke cikin ƙidayar 1850 ba su da zaɓin da shi yake da shi na kwashe kaya ya bar gari.

Kujera a coci, babu ƙuri'a a akwati

A watan da Day ke Filadalfiya, wani taron na gudana a Raleigh, na gyaran tsarin mulkin jihar. Tsarin mulkin 1776 bai ambaci launin fata ba wajen zaɓe, saboda haka baƙaƙe maza masu 'yanci da suka cika sharuɗɗa suna jefa ƙuri'a kusan shekara sittin. Taron 1835 ya ƙwace wannan haƙƙi da rinjayen ƙuri'a biyar kacal, 66 da 61. A lokacin baƙaƙe masu 'yanci a jihar sun kusa 20,000, bayi kuma sun haura 245,000. Babu wata takardar koke da ta ceci ƙuri'ar Day, domin ƙuri'arsa ba ta cikin abin da maƙwabtansa ke buƙata daga gare shi.

A cocin Presbyterian na Milton, inda shi da matarsa suka zama mambobi, shi ya ƙera bencinan da har yau ake zama a kai. Labarin da mutanen garin suka gada shi ne cewa ya yi aikin ne bisa sharaɗin iyalinsa su zauna a ƙasa tare da fararen fata, maimakon saman bene da aka ware wa baƙaƙe. Sun zauna a ƙasan, sauran baƙaƙe kuma suka ci gaba da hawa bene kamar yadda aka saba.

Babban abokin cinikinsa a shekarun ƙarshe shi ne David Reid, wanda ya yi gwamna daga 1851 zuwa 1854 kafin ya tafi majalisar dattawan Amurka. Reid ya ba shi odar kayan ɗaki masu yawa don gidansa. Abin da ya ɗaga Reid a siyasa shi ne fafutukar soke sharaɗin da ya ce sai mai fili eka 50 ne zai zaɓi ɗan majalisar dattawan jiha, kuma an soke shi a 1857. Daga ranar, farar fatar da ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa ya samu cikakkiyar ƙuri'a. Kafintan da ya yi wa gwamnan gado, mai gona da gidan bulo da injin tururi, bai samu komai ba.

Wanda ya tafi da wanda ya zauna

Yayansa John ya ɗauki wata hanyar. Ya bar kafintanci ya zama mai wa'azin ɗariƙar Baptist, kuma a 1830, shekarar da ƙanensa ke neman alfarmar majalisa, ya shiga jirgin ruwa zuwa Laberiya, yankin da wata ƙungiyar Amurkawa ta kafa a gaɓar Afirka ta Yamma don kwashe baƙaƙe masu 'yanci. Bai daɗe da sauka ba rashin lafiya ta ɗauke matarsa da 'ya'yansa. Ya zauna duk da haka, ya yi wa'azi, ya buɗe makarantu. A watan Yulin 1847 yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin kan Laberiya, daga baya ya zama babban jojin ƙasar na biyu, muƙamin da yake kai har rasuwarsa a 1859.

A shekarar da Thomas ke auna zaurukan jami'ar da ba za ta karɓi ɗansa ba, John yana sa hannu a takardar kafa ƙasa. Sai dai ita ma wannan ƙasa da nata tabon ta tashi, domin baƙin da suka zo daga Amurka sun riƙe mulki a hannunsu sun bar 'yan asalin ƙasar a gefe fiye da shekara ɗari. Kowanne cikin 'yan uwan biyu ya samu matsayi, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai wasu da aka danne.

Shekarar da komai ya tsinke

A watan Maris na 1857 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne. A watan Agustan shekarar wani babban kamfanin inshora da bayar da bashi na Ohio ya durƙushe, rikicin kuɗi ya bazu a ƙasar, bankuna suka tsuke hannu. Sana'ar Day a kan bashi take tafiya ta fuska biyu: yana karɓo katako da kayan aiki bashi daga 'yan kasuwar Arewa, yana kuma ba masu gandu kaya sai sun sayar da taba su biya. Da kuɗi suka yi wuya, waɗanda ke binsa suka matsa, waɗanda yake bi suka yi shiru. A nan matsayinsa na gaskiya ya fito fili, domin dokar jihar ba ta yarda baƙar fata ya ba da shaida a kotu a kan farar fata ba, don haka hanyar tilasta wa mai taurin bashi ta yi masa ƙunci ƙwarai. Ga shi kuma jirgin ƙasa ya fara shigo da kayan ɗaki masu araha daga masana'antun Arewa.

Kafin shekarun 1850 su ƙare, kasuwancin ya karye, aka danƙa kadarorinsa a hannun wani amintacce don a biya masu binsa. Ɗansa Thomas ƙarami ya ɗauki nauyin bashin, ya ci gaba da riƙe shagon na wasu shekaru. Uban ya rasu a 1861, shekarar da Karolina ta Arewa ta ɓalle daga tarayya aka shiga yaƙin basasa. Bai ga 1865 ba, lokacin da gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta, ya rushe tsarin da ya ciyar da shagonsa ya kuma hana shi zama cikakken ɗan ƙasa.

Kayansa sun fi sunansa daɗewa a fili. Iyalan masu gandu sun riƙa gadonsu kaka da kakanni, suna alfahari da cewa aikin Day ne. A 1975 gwamnatin Amurka ta sa gidansa na Milton cikin wuraren tarihi na ƙasa. Gobara ta ci ginin a 1989, aka sake gyara shi. A 2013 gidan baje kolin Renwick na cibiyar Smithsonian da ke Washinton ya shirya nuni na musamman a kan aikinsa, kuma gidan tarihin Karolina ta Arewa da ke Raleigh ne ke riƙe da tarin kayansa mafi girma, ciki har da waɗanda ya yi wa gwamna Reid. A ƙofar wannan gida aka kafa mutum-mutuminsa, 'yar tafiya kaɗan daga dandalin da majalisa ta zauna a 1830 ta ba mace guda izinin shiga gidan mijinta.